Kukan Ido da Kukar Miya

A shekarata ta uku a Doha Baba ya kwanta. Tun daga ranar da aka gaya mini ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, abu ɗaya yake roƙona duk sanda muka yi waya. Bai taɓa cewa in zo ba, don ya san tafiyar ba a hannuna take ba. So yake ya ji na kaɗa masa waƙar nan tamu ta lokacin azumi a kan ogan mai feda, da ƙafafuna, ya ji da kunnensa kafin Allah ya yi ikonsa. Ni kuwa kullum amsata ɗaya ce: "Baba, bari in ƙara gogewa."

Sai an san Baba za a gane nauyin wannan roƙo. Katikis ne a ƙauyenmu, can kudancin Katsina, wato shi ke jan addu'a duk Lahadin da Fada, limamin cocin, bai samu zuwa ba, Fada kuwa ba ya zuwa sai an yi sa'a. Shi ne kuma mai kaɗa ogan. Wani tsohon akwati ne da Turawan mishan suka bari, irin wanda sai ka yi ta taka masa iska da ƙafa biyu kamar mai keken ɗinki kafin ya yarda ya yi ƙara. Ɓeraye sun ci rabin cikinsa, Baba ya liƙe da fatar akuya da ƙaro. Sau ɗaya a rayuwarsa, yana saurayi, aka kai su wani babban coci a Kaduna, ya ga wani mutum yana kiɗa da hannu biyu, ƙafafunsa kuma maimakon takar iska suna yawo a ƙasa suna fitar da wata murya mai kauri da ta sa bencin da yake zaune a kai ya yi rawa. Wannan labari mun sha shi har ya gundure mu. In ya ɗauko shi, Inna takan miƙe ta ce tuwonta zai kama, ko da ba ta ɗora komai a wuta ba.

Shi ya koya mini kiɗa, da do-re-mi da ranƙwashi. Karatun rubutaccen kiɗa kuwa a kwalejin horon malamai na tsinta. Koyarwar ba ta riƙe ni ba, na bi ayarin masu zuwa Qatar aikin gadi. Aka ba ni ƙofar wani dogon bene na ofisoshi, ina tsaye cikin yunifom daga asuba zuwa azahar ina ce wa mutane su nuna kati. Kwana kuma a unguwar Mansura, mu huɗu a ɗaki ɗaya, gado kan gado.

A ɗakin nan mu biyu ne Hausawa, ni da wani direba mutumin Funtuwa wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Malam nake ce masa, shi kuma ya laƙaba mini ɗan Katikis. Musulmi ne na ƙwarai, ga tsokana kamar ya ci ya bar wa na baya. Da ya je hutu gida ya taɓa kai wa su Inna saƙona har ƙauye, ya ci tuwon gidanmu, tun daga nan ya ɗauki kansa yayana, ba tare da ya nemi shawarata ba.

A nan ranar Juma'a ake hutu, don haka ranar Juma'a muke zuwa coci. Can bayan gari aka keɓe wa majami'u wuri guda cikin katanga ɗaya, 'yan Indiya da 'yan Filifin da Larabawan Lebanon da mu 'yan Afirka, kowa da lokacinsa, wasu na fita wasu na shiga. A ɗakin da muke yin Misa, ibadarmu ta Katolika, da Turanci akwai ogan na lantarki, mai hawa biyu na hannu, a ƙasa kuma ga jerin feda na katako. Mai kaɗa shi wata dattijuwa ce 'yar Indiya, gajeruwa, mai gilashi a kan hanci, kowa Anti yake ce mata. Ranar da na fara ganin ƙafafunta suna yawo a kan katakon nan, na je na tsaya a kanta bayan an tashi ina kallo, har sai da ta juyo ta tambaye ni ko wani abu nawa ne ya faɗa ƙarƙashin benci.

Da na gaya mata gaskiya, ta sa na zauna na kaɗa mata abin da na iya. Ta saurara fuska ba yabo ba fallasa, sannan ta ce in riƙa zuwa Talata da Alhamis bayan na tashi aiki. Ranar farko na zo da takalmin gadi, na ɗora ƙafa na danne feda biyu lokaci guda. Ta ce in cire. Na cire, sai ga babban yatsana ya leƙo ta hujin safa. Ta kalli yatsan, ta kalle ni, ba ta ce uffan ba. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi kusan shekara a hannunta kafin ta ba ni wani tsohon littafi mai bango ja, cike da kiɗan share fage, wato ɗan gajeren kiɗan da mai ogan ke yi shi kaɗai kafin a fara ibada, don jama'a su natsu su daina gaishe-gaishe. Ta buɗe wani shafi ta ce in fara da ƙafa kawai, a hankali. Na taka na farko, na biyu, na uku. Kafin in kai ƙarshen layi na gane karin. Waƙarmu ce. Waƙar da Baba ke ja kowace shekara in azumin kwana arba'in ya kama, mu kuma muna amsawa.

Anti ta yi mini bayani cewa waƙar ta girmi ogan ɗin da littafin da ƙasashenmu duka. 'Yan zuhudu na zamanin da suka riƙa rera ta da Latin, ba kiɗa, ba ganga, ba mai yin sama ba mai yin ƙasa, murya ɗaya kowa ke bi, tana tafiya yadda numfashi ya ba da dama. Daga baya wani makaɗi ya ɗauki karin ya ba ƙafa, ya ja kowace gaɓa ta yi tsawo, hannu biyu kuma suna saƙa nasu a sama. Na gyaɗa kai kamar ina jin sabon abu, amma ni a raina waƙar ta ƙauyenmu ce, ban yarda wani ya riga Baba ba.

A ranar na kira gida na gaya masa, lokacin yana da lafiyarsa. Ya ce, "Da ƙafa?" Na ce da ƙafa. Ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta ji. Bayan wata biyu ciwon ya same shi a gona.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, in ji masu magana a garinmu, ko da yake abin ba wani babba ba ne ga wanda ba Bahaushe ba. Wani Fada Bature ne tun kafin a haife ni ya sa wa karin nan kalmomin Hausa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya ji ƙansa, amma kunnensa na Bature ne. A layi na uku ya rubuta: mun zo gabanka da kuka. To a daidai kalmar ƙarshe karin yana saukowa ƙasa. Duk Bahaushe ya san kukan ido murya a sama take tsayawa a gaɓa biyun, kukar miya ce ke faɗowa a ta biyu. Wato in ka bi karin yadda aka rubuta, coci guda ne za su durƙusa cikin azumi su gaya wa Ubangiji sun zo masa da garin kuka. Baba bai taɓa yarda da wannan ba. In an zo wurin, sai ya riƙe muryar a sama, ya danne maɓallin da ƙarfi, ya juyo ya harari duk wanda ya sauko. Yakan ce, "Ba miya muka zo kaɗawa ba." Haka muka tashi muna rerawa, har ban san an taɓa rubuta shi ta wata hanya ba.

Saboda haka da ƙafata ta zo wurin, da kanta ta tsaya a sama. Anti ta buga fensir a kan littafi. Na sake, ta sake bugawa. Sau biyar muna haka. Na yi mata bayani da Turancina na gadi, cewa a harshenmu in murya ta sauko ma'ana ta canja, hawaye ya koma ganyen miya. Ta cire gilashi ta goge, ta ce labarin ya yi mata daɗi ƙwarai, amma babu wanda zai rera komai, ogan ne kawai, kuma ogan ba ya jin Hausa. Ta sa na haɗa da hannu in ji da kaina. Gaskiyarta ce, in na riƙe ƙafar a sama tana karo da abin da hannun hagu ke yi, sai ka ji wani ƙara kamar an ja kujerar ƙarfe a kan siminti. Ta ce, "Yadda aka rubuta. Khalas." Wannan kalmar ta Larabci, wato magana ta ƙare, ita kaɗai ta koya a shekarun da ta yi a ƙasar, kuma a kaina ta ƙarar da ita.

Na koma Mansura raina a ɓace. Malam yana zaune a gadonsa yana yanke farce, ya ce, "Ɗan Katikis, wa ya taɓa ka?" Na rera masa layin ta hanya biyun ba tare da na ce komai ba. Ban gama na biyu ba ya kifa, yana dariya har da buga katifa, sauran 'yan ɗakin suna kallonmu kamar mun zautu.

"To ai ba laifi," in ji shi da ya samu numfashi. "Ku haɗa da daddawa da kuɓewa busasshiya, a kai gaba ɗaya."

Na ce masa ba abin dariya ba ne.

Ya share hawaye ya ce, "Wallahi karin yana da daɗi, kamar ƙira'ar tsofaffi. Amma tsohonka ya fi Baturen gaskiya. Ka bi na tsohonka."

"Matar nan za ta kore ni."

"To ka bi na matar."

Ka ji irin shawarar Malam ke nan.

Ba zan ɗora wa Anti laifin jan ƙafata ba, ko da yake na daɗe ina son in yi hakan. Girman kai ne nawa. Mutumin da ya yi shekaru yana ba da labarin ƙafafun wani a Kaduna, ban so ya ji nawa suna tuntuɓe ba. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda ƙafar hagu ke tsallake ta dama, kullum sai na zame. Ga kuma maganar kukar nan da na kasa yanke wa hukunci. In na sauko, Baba zai ji. In na tsaya a sama, kiɗan zai ɓaci, shi ma zai ji, don ciwon bai taɓa kunnensa ba. Sai na yi ta cewa bari in ƙara gogewa, wata ya bi wata, muryarsa a waya tana ƙara nauyi, har ya zama sai ƙanwata ta maimaita mini rabin abin da ya faɗa.

Da azumi ya kama, Anti ta ce na isa. Ta ba ni Juma'a ta uku, in yi share fage kafin Misar safe, ita kuma ta karɓa daga nan. Na gaya wa gida. Muka shirya cewa zan kira ƙanwata in ajiye waya a kan ogan, ita kuma ta kara wa Baba a kunne. Ƙarfe tara a nan, bakwai ke nan a can, lokacin ya sha kunu an gyara masa shimfiɗa.

Ranar Alhamis da la'asar ina kan benci ina gwaji na ƙarshe. Anti ta fita shan shayi, ɗakin ba kowa sai wani mai goge ƙasa can baya. Waya ta yi ƙara, ƙanwata ce.

"Yaya, Baba ne ke son magana."

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Na ji numfashinsa tukuna, sannan ya ce, "Kai. Kana ina?"

"Ina coci, Baba. Gwaji nake yi."

"Kana kan abin?"

"Ina kai."

"To taka mini in ji. Ko kaɗan."

Ogan a kunne yake. Littafi a buɗe. Ƙafafuna biyu suna kan feda cikin sabuwar safa. Ba abin da ya rage sai in ajiye waya in danna. Amma yanzun nan na zame sau biyu a wurin tsallaken nan, raina yana tafasa, sai na ce, "Baba, ka bari sai gobe. Gobe za ka ji shi cikakke, da jama'a da komai. Yau duk kwamacala ce."

Ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Na ce amin, na kashe waya, na koma kan wurin tsallaken. Na yi shi sau ashirin ko fiye, har ya zauna.

Da safe Malam ya riga ni tashi. Na fito daga wanka na tarar ya goge mini farar rigata ya rataye, abin da bai taɓa yi ba. Na tsokane shi na ce ko zai bi ni ne a yi masa baftisma. Bai rama ba, ya ce kawai, "Yalla, mu tafi, kada ka makara." Ranar Juma'a motar kamfani a hannunsa take kwana, yakan sauke ni a bakin filin ajiye motoci ya juya abinsa. A hanya bai kunna rediyo ba, bai zagi ko direba ɗaya ba. Da muka isa ya ce zai jira ni. Na ce Misar za ta ɗauki fiye da awa guda, ga rana. Ya ce ya ji. Duk wannan na gani da idona, amma kaina yana kan ƙafar hagu da ƙafar dama, ban karanta komai ba.

Ɗakin ya cika, har da masu tsayuwa a jikin bango. Na cire takalmi na tura ƙarƙashin benci, na kira ƙanwata. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Muna jin ka, Yaya. Duk muna ɗakin Baba."

"Ba shi mu gaisa."

"Yana kwance. Inna ta ce ka kaɗa kawai."

Na rage ƙarar wayar har ƙasa don kada hayaniyar gida ta fito, na jingina ta a gefen littafi. Anti ta tsaya a damata don juya shafi, ta ɗaga mini gira.

Hannu ne ke farawa, a hankali, dama tukuna sannan hagu ta biyo ta. Jama'a suna ta tari da jan kujeru. Da ƙafata ta sauka a kan feda ta farko, muryar nan mai kauri ta fito daga ƙasa, na ji ta a cikin benci, na ji ta a haƙarƙarina, ɗakin ya yi tsit. A raina na ce, Baba, ga shi. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ina taka gaɓa ɗaya-ɗaya, kalmomin Hausar suna zuwa bakina da kansu ko da ban buɗe shi ba. Muka shiga layi na uku. Mun zo. Gabanka. Da. Ƙafata ta dama tana kan gaɓar farko ta kalmar, ta hagu tana rataye a kan wadda ke ƙasa da ita. Na ji numfashin Anti a kusa da kunnena, na ga kawunan mutane ta gefen ido. Na sauko, yadda aka rubuta.

Na gaya wa kaina ba komai. In an tashi akwai 'yan mintoci kafin 'yan Filifin su shigo, zan sake kira in kaɗa masa irin tasa, ya yi mini faɗan miya, mu yi dariya. Wurin tsallaken ya zo ya wuce lafiya lau. Na kai ƙarshe ba kuskure ko ɗaya, karo na farko tun da na fara. Anti ta dafa kafaɗata, wanda a wurinta ya kai a yi maka guɗa. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni har kaina ya yi girma. Na duba wayar na ga an riga an kashe daga can.

Misar nan ban ji komai a cikinta ba, Allah ya gafarta mini, ina ta shirya abin da zan ce wa Baba. Ana tashi na kira, ba a ɗauka ba. Na sake, ba a ɗauka ba. 'Yan Filifin suka fara shigowa da gitocinsu, na sa takalmi na fita.

Malam ba ya cikin mota. Yana tsaye a jikinta cikin rana, hularsa a hannu. Na taho ina ɗaga masa babban yatsa tun daga nesa. Ya kama hannuna da hannu biyu bai saki ba.

"Ɗan'uwa," in ji shi, kuma bai taɓa kirana haka ba. "Sai haƙuri. Baba ya riga mu gidan gaskiya. Jiya bayan magariba."

Abin da ya fara zuwa mini ba kuka ba ne, fushi ne. Na fizge hannuna. Na ce tun jiya ya sani ya bar ni na kwana ina minshari, ya goge mini riga kamar ɗan bikin sauka, ya bar ni na zauna gaban jama'a ina yi wa gawa wasa. Na ce da uban wani ne da ba a yi masa haka ba. Na faɗi wasu maganganun da har yau in na tuna kunya ke kama ni, mutane suna wucewa suna kallonmu. Ya bar ni sai da na gaji.

"Inna ce ta kira ni da kanta," ya ce. "Ta ce kada a gaya maka a waya kana kai kaɗai a ƙasar mutane, sai babba ya zaunar da kai. Ka san haka ake yi. Kuma ta ce a bar ka ka yi kiɗan tukuna. Ni aike na aka yi."

Na san haka ake yi. Ni da kaina an taɓa sa ni na ɓoye wa wani mutuwar uwarsa kwana biyu, ina ce masa jikin ne ya ɗan matsa. Amma ban taɓa zaton ranar da za a yi mini za ta zo ba.

Maganar tafiya ba ta ma taso ba. Ofis a rufe yake Juma'a da Asabar, takardar hutu sai ta bi hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki, a gida kuwa an riga an haƙa kabari, da yamma za a sa shi. Malam bai kai ni ɗaki ba, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Lokacin salla ya yi, ya tsaya a wani masallaci da ya cika har titi, ya bar mini mota a kunne saboda sanyi, ya shimfiɗa dardumarsa a kan kwalta daidai inda zai iya ganina. A nan cikin motar, ina kallon bayan ɗaruruwan mutane suna ruku'u, kukan ya zo. Na yi shi da ƙarfi, bakina a buɗe, kamar ba namiji ba.

Sai bayan an dawo daga maƙabarta na samu Inna. Muryarta ta dushe amma a tsaye take, ta fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta yi mini gaisuwa kamar ni ne na fi ta rashi. Na ce, "Inna, don me kuka bar ni na yi?"

"Don ya roƙa," ta ce. "An yi masa wanka, an sa masa farar rigarsa ta coci, muka ajiye wayar a kusa da kansa. Matan zumuntar coci duk suna ɗakin. Da abin nan mai kauri ya fito sai da wayar ta yi rawa a kan tabarma. Ashe gaskiya yake faɗa duk shekarun nan, ni ina ce masa ƙari yake yi."

Na ce, "Inna, na sauko. A wurin kukan nan. Na bi na littafi."

"Mun ji," in ji ta. "Ai muna bin ka a hankali da baki. Da ka sauko, ba wadda ta bi ka, duk muka tsaya a sama. Sai wata ta ce yau da Katikis na da rai da an sha harara. Muka yi dariya a kan gawa, Allah ya yafe mana, daga nan kuma ɗakin ya rushe da kuka, shi ya sa ƙanwarka ta kashe. Kada wannan ya dame ka, mun gyara maka."

Amma ba wannan ne ke cina ba, kuma ta sani. Na tambaye ta.

"Jiya da ya ce in taka masa na ƙi, ransa ya ɓaci?"

Na ji kukan akuya a bayanta, da muryoyin masu zuwa gaisuwa.

"Bai ɓaci ba," ta ce. "Cewa ya yi, yaron nan halina ya ɗauko, ba ya son a ji shi da kuskure. Daga nan bai ƙara wata doguwar magana ba. Sai dai ya matsa wa ƙanwarka ta kai wayar shagon caji tun da sauran rana, ya ce a cika ta taf, kada gobe ta mutu ana tsakiyar kiɗa."